Zoɓonmu a Kofinsu, Masararsu a Tukunyarmu

Na ji ku, kuma duk na ji. Alhaji ya ce Meziko ƙasar 'yan ƙwaya ce, wanda ya je sai dai a tarbi akwatin gawarsa a filin jirgi. Hajiya ta yamutsa fuska, wai an ce mata ƙwari suke ci. Malam ya gyara zama ya ce ai can ko ruwan shayi sai an ɗiga masa man alade. Shi kuwa ƙanena, ko ɗago kai daga waya bai yi ba, ya ce me za a gani a can wanda babu a Dubai. Madalla da ku. Babu wanda ya taɓa wuce Jidda a cikinku, amma kowa ya haddace Meziko daga bango zuwa bango.

Alhaji, kafin mu zo kan bindiga, me ka ci daren jiya? Tuwon masara da miya ja, ko ba haka ba? To, ka ci abincin Meziko, har da lashe yatsa. Masarar nan da kake tinƙaho da ita, kana cewa ta Saminaka ce ko ta Funtuwa, a kwarin kogin Balsas da ke kudancin Meziko aka fara noma ta, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawar daji mai 'yan ƙwayoyi masu taurin tsiya. Tattasai da barkono can ne gidansu. Tumatir ma a kasuwannin Aztek, masu mulkin tsakiyar Meziko a lokacin, Turawan Sifen suka fara cin karo da shi. Kafin jiragen ruwa su tsallako da waɗannan kaya, kakanninka da masoro da kimba da citta suke yaji, tuwonsu na gero ne da dawa. Kai ne dai baƙo a harkar masara, ranka ya daɗe, sai ka sassauta murya.

Su da suka san ta tun asali, ba sa niƙa ta haka kawai. Sai sun dafa ƙwayar a ruwan toka ko na ƙonannen farin dutse, su bar ta ta kwana, da safe a wanke dusar ta saluɓe, a markaɗa ta zama ƙulli. Da wannan ƙullin ake yin tortiya, wato faifan masara mai laushi da ake gasawa a kasko ba mai. Dabarar ba ta daɗin baki kaɗai ba ce. Tana sako wani sinadari da ke ɗaure cikin masara wanda jiki ke buƙata. Turawan da suka kwashi irin suka bar dabarar sun ji a jikinsu: talakawan Italiya da Sifen da kudancin ƙasar Amurka da suka dogara ga masara zalla sun sha fama da cutar felagara, mai saɓule fata, ta kawo gudawa da ruɗewar hankali. Na san Hajiya za ta ce ai mu ma muna jefa kanwa a tukunya. Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa nake ganin da za ki tsaya a layin shagon tortiya da hantsi, ki ga mata riƙe da ƙyallen naɗewa, inji yana ƙugi yana aman faifai da zafinsu, ana aunawa kilo-kilo, kowa ya zari guda ya barbaɗa gishiri ya naɗe ya kai baki tun kafin a ba shi canji, da ba ki ji baƙunta ba ko kaɗan.

Ga wanda zai fi ba ku haushi. A kusan kowace kasuwa, daga Birnin Meziko har Merida, za ka ga manyan tulunan gilashi jere da ƙanƙara a ciki: fari na shinkafa da kirfa, ruwan ƙasa na tsamiya, sai ja wur wanda suke kira agua de jamaica. Kurɓa ɗaya za ka waiga neman yarinyar da ta kawo talla. Zoɓo ne, ba wani abu ba, sai dai ba citta ba kanumfari, ga tsami. Kuma ba kama ba ce kawai. Meziko na noma nata amma ba ya isar ta, don haka ita ce babbar mai sayen busasshen zoɓon da Najeriya ke fitarwa, wanda ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina. Akwai lokacin da ta dakatar da karɓa saboda wani ƙwaro da aka gano cikin kaya, ka tambayi dillalan Dawanau yadda kasuwa ta yi musu a lokacin. Wato manomin da ke kan iyakar Maigatari ya san darajar Meziko a aljihunsa, kai kuma da ke birni kana ta yi mata tofin Allah tsine. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Hajiya, mu dawo kan ƙwari. E, suna ci. A birnin Wahaka, a bakin kasuwar Benito Juárez, mata ne zaune da kwanduna cike fal da fara, ja-ja-ja saboda barkono, an soya ta a kasko da tafarnuwa da lemon tsami da gishiri. Akwai manya, akwai ƙanana ƙwarai waɗanda suka fi tsada a bakin masana. Mai sayarwa za ta ɗebo a tafin hannu ta miƙo miki ɗanɗano, in kin saya ta auna da ɗan kwano ta juye a leda. Yanzu ki dube ni ido cikin ido ki ce ba ki taɓa aika yaro sayo fara da yaji ba. Ki ce ba ki taɓa roƙon mai zuwa Maiduguri ya taho miki da mudu ba. Shingen da kuke tara wa kwano a gindin fitila da farkon damina fa, tsuntsu ne?

Abu ɗaya ne zan bar ku ku yi dariyarsa son ranku. Burtuntunar da ke kama zangarniya, wadda manominmu ke gani ya yi salati ya jefar, su idan ta kama masara murna suke yi. Sunanta huitlacoche, ana soya ta da albasa a zuba cikin tortiya da cuku, kuma ta fi lafiyayyar masara kuɗi. Baƙa ce ƙirin, kallonta ba ya kiran yunwa, amma a baki ta fi naman kaza armashi. Ku yi ta dariya, ni dai na ƙara.

Malam kuwa, Allah gafarta, maganarka ba ta faɗi ƙasa ba, ka dai ƙara mata gishiri. Alade ya kama wuri a tukunyar Meziko tun da Turawan Sifen suka shigo da shi, kuma wanda zai je ya buɗe ido. Tarkon farko shi ne wanda ya fi ƙamshi. Da magariba za ka ga nama jere a tsinken ƙarfe a tsaye, ja da shi, yana juyawa gaban wuta, abarba a ƙoli, mai yanka yana shaftare shi siriri-siriri ya faɗa kan tortiya, ya ɗaga wuƙa ya fizgo ɗan yankin abarba ya cafe a iska. Za ka rantse shawarma ce, kuma ba ka yi kuskuren dangi ba: 'yan ci-rani daga Lebanon da maƙwabtanta ne suka kawo wannan gashi garin Puebla a farkon ƙarni na 20. Jikokin girkin ne suka sauya rago da alade, suka kira shi al pastor. Ka kalli gwanintar, ka yaba, ka wuce. Haka carnitas na jihar Michoacán, haka cochinita ta Yukatan, duk gida ɗaya ne.

Na fili ba shi ne abin tsoro ba, na ɓoye ne. Kitsen alade, wanda suke kira manteca, yana shiga ƙullin tamal, dafaffen ƙullin masara da ake naɗewa a ɓawonta ana sayarwa da sassafe. Yana shiga dakakken wake. A Wahaka ana shafa shi a gindin tlayuda, wata ƙatuwar tortiya, kafin a zuba komai. Ko naman sa ka nema, leƙa kaskon tukuna, domin sau da yawa a kasko guda ake soya shi da tsiren hanjin alade, mai ɗaya yana zagaya su duka. Kalma biyu za ka haddace kafin ka sauka daga jirgi, puerco, wato alade, da manteca, ka nuna abinci ka faɗe su da alamar tambaya. Ba sa jin haushi, sai dai su yi mamakin mutumin da ke gudun abin da suka fi so.

Kuma ba za ka kwana da yunwa ba. Mutanen jihar Hidalgo suna naɗe rago a ganyen maguey su binne shi a rami mai garwashi ya kwana, ranar Asabar da Lahadi a fito da shi yana zubewa daga ƙashi, ga romonsa da ya tsatso a tukunya a ƙasa. Gwadalahara na da birria ta akuya, Monterrey na da gasasshen ɗan akuya. Batun wanda ya yanka da yadda ya yanka, wannan fagenka ne, Malam, ba zan shiga gonarka ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga kifi a Veracruz da Ensenada, ga furen kabewa da cuku, ga dafaffiyar masara da ake shafe wa cuku da barkono da lemon tsami, ga mai gasa dankali da ayaba yana tura kurarsa da dare, bututunta na fito da wata ƙara mai tsinka kunne. Musulmin ƙasar ba su kai 10,000 ba a ƙidayar 2020, cikin mutum miliyan 126, don haka kada ka sa ran jin kiran salla daga taga. Amma akwai masallacin Suraya a Torreón tun 1989, kuma a tsaunukan Chiapas akwai 'yan ƙabilar Tsotsil da suka musulunta, suna buɗa baki da tortiya.

To, Alhaji, ga bindigarka. Akwai ta, ba wanda ya ce babu. Ƙungiyoyin fataucin ƙwaya sun zubar da jini mai yawa, kuma akwai yankunan Sinaloa da Tamaulipas da Guerrero da mai hankali ba ya zuwa yawon buɗe ido. Sai dai ƙasar ta ninka Najeriya girma har da ɗoriya, baƙi sama da miliyan 40 ke shiga a shekara, kuma Merida na cikin biranen da suka fi kwanciyar hankali a ƙasar. Ba kai ne kake kumfar baki ba duk lokacin da Bature ya ce Najeriya gaba ɗaya Sambisa ce? Abin da ya fi kayar da baƙo a babban birnin ƙasar ba harsashi ba ne. Tudu ne: garin yana kan mita 2,240, kusan ninki biyu na Jos, hawa bene ɗaya sai ka ji kana haki. Sai ruwan famfo, wanda 'yan garin ma na jarka suke saye. Sai masu yankan aljihu a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai kuma miyar yaji. Idan mai tako, wato tortiya da nama a ciki, ya ce maka ba ta da zafi, ka ɗiga a bayan hannu ka lasa tukuna, musamman a Yukatan inda ɗan'uwan attaruhu ke mulki. Ina son in ga Bakatsinen da ke cika bakin cin yaji a gaban wannan kwano.

Kai kuma ɗan Dubai, ajiye wayar. Birnin Meziko a kan tafki aka gina shi. Aztek sun kafa Tenochtitlan a tsibiri a 1325, Hernán Cortés, jagoran Turawan Sifen, ya rushe shi a 1521, aka ɗora sabon gari a kan kufan. A 1978 ma'aikatan lantarki na haƙa rami kusa da babban dandalin Zócalo suka ci karo da wani ƙaton sassaƙaƙƙen dutse, daga nan aka tono babban ɗakin bautar Aztek a tsakiyar gari. Ƙasan kuwa laka ce, ana ta zuƙe ruwanta, don haka birnin nutsewa yake a hankali, tsofaffin gine-gine sun karkace har ido na gani. Tafiyar awa guda a mota za ta kai ka Teotihuacan, inda Dalar Rana ke tsaye da tsayin kusan mita 65, shekararta wajen 1,800. Ku da dalarku ta gyaɗa sai a hoto. Filin ƙwallon Azteca kuwa can Pele ya ɗaga kofi a 1970, Maradona a 1986. In hira ta yi daɗi da direban tasi kana iya tuna masa cewa yaranmu 'yan ƙasa da 17 sun ba nasu 3 da nema a wasan ƙarshe na 2013, amma ka bari sai ka sauka.

A 2010 UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin gadon al'adun duniya, a 2024 kuma masu littafin Michelin suka liƙa tauraron yabo a wani ɗan shagon tako na unguwar San Rafael, El Califa de León, inda ko kujera babu, a tsaye ake ci. Haka tsarin yake a titi: farantin roba sanye da leda, albasa da ganyen ƙamshi a sama, lemon tsami a gefe, wanda ke wucewa ya ce maka provecho, wato a ci lafiya, ko bai san ka ba. Kuma ba a biya kafin a ci. Kana ci kana ƙarawa, ba mai rubutawa, sai ka ƙoshi mai shago ya tambaye ka nawa ka ci, abin da ka faɗa shi zai karɓa. Mu Zagezagi ba mu da fargaba a nan. Kanawa nake ji wa, don na san Alhaji zai share bakwai, ya goge baki da hannun riga ya ce uku, sannan ya tsaya neman ragi.