Kafin Ka Sayi Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Wata sha'awa ta shigo wa samarinmu ta cikin waya. Yaro zai raba dare yana kallon tsofaffin motocin tsere na Turai, gari na wayewa ya sanar da majalisa cewa shi fa motarsa ta farko sai Porsche 911, irin ta da, wadda iska ke sanyaya injinta, babu lagireto babu ɗura ruwa. Abokai su yi ta dariya har shayi ya huce. To ƙanena, ni ban yi maka dariya ba. Mai son tsohuwar mota mutum ne da ya san darajar aikin hannu, kuma ina so burinka ya cika. Sai dai tunda tsakanin Birnin Kudu da Gwaram za ka riƙa tuƙa ta, gyara zama mu yi shawara.

1. Ka san dangin motar kafin ka kai gaisuwa

Porsche 911 an fara nuna ta a Frankfurt ta Jamus a 1963, kuma iska ce ta ci gaba da sanyaya injinta har 1998. Yau attajiran duniya ke rububinta, kuɗin lafiyayyiya guda zai gina maka gida har ka yi katanga. Ga ta kuma a ƙasa-ƙasa: ranar da ka ce za ka leƙa gona da ita, kunya ta farko za ta karɓi salansarka.

Amma gidan su Porsche babban gida ne. Ferdinand Porsche, mahaifin wanda ya ƙera motar tsere ta 356 a 1948, shi ya tsara Volkswagen Beetle, Bitil ɗin da iyayenmu suka hau. Ita kanta 356 ɗin farko da kayan Bitil aka haɗa ta. Inji a baya, silinda a kwance suna fuskantar juna, fanka na hura musu iska: tsarin ɗaya ne. Idan lallai sai mai siffar tsere, akwai Karmann Ghia da aka yi daga 1955 zuwa 1974, jiki zanen Italiya, ciki kuwa Bitil ce tsaf, amma samunta a ƙasar nan sai mai dogon rabo.

Saboda haka shawarata ta farko: nemi Bitil. Kamfanin Volkswagen na Nijeriya ya fara haɗa ta a Ojo ta Legas a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka cika aljihun ma'aikata. Malaman makaranta, malaman asibiti da akawuna sun saye ta da yawa. Daga baya aka haɗa ƙanwarta Igala, ita ma mai shan iska. A duniya an ƙera Bitil fiye da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito daga Puebla ta ƙasar Meziko a ranar 30 ga Yuli, 2003. Wannan yawan shi ne gatanka, domin har yanzu ana ƙera kayan gyaranta.

2. Ka nemi bakanike kafin ka nemi mota

Wannan ita ce uwar shawarwari. Yaron garejin da ya taso a kan Golf da Sharon, idan ka kai masa Bitil, gaba zai nufa ya ɗaga bonet, ya tarar da safaya da tankin mai, ya juyo ya tambaye ka wa ya sace injin. Wanda kake nema dattijo ne mai furfura, wanda ya yi koyo a zamanin da Birnin Kudu take cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Tambaya a tasha, tambaya wurin tsofaffin direbobi. In ba ka samu a gida ba, ka bi hanyar Wudil ka shiga Kano.

Idan ka same shi, durƙusa ka gaishe shi, ka ajiye goro, ka ce: "Baba, Bitil nake son saye, na zo neman albarka da ilimi." Sai ka jefa masa tambaya guda: nawa ake barin tazarar bawul? In ya ce sai inji ya kwana ya yi sanyi, sannan a saita a milimita 0.15, riƙe shi da hannu biyu. In kuma ya ce "kunne ne ke saitawa," yi masa godiya, bar masa goron, ka ƙara gaba.

3. Ka bi tsofaffin gidaje, ka girmama magada

Ba a samun irin wannan mota a layin dillalan 'yan Kwatano. Tana bayan gidan wani tsohon hedimasta, ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaza ta mayar da kujerar baya ɗakin ƙwai. Sa cigiya a majalisun 'yan fansho, a Birnin Kudu, a Gwaram, a Sara, a Basirka. Zuwa da kai ya fi aike.

Idan mai ita yana raye, ka ware yini guda, domin kafin a zo maganar kuɗi sai ka ji yadda ta kai shi Kaduna ta dawo da shi, da amaren da ta ɗauko. Saurara da kyau, tarihin lafiyar motar yana cikin labarin nan. Idan kuwa ya rasu, motar gado ce. Kada ka miƙa kuɗi ga babban ɗa shi kaɗai a bayan masallaci. A tara magada, maza da mata, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu da mai unguwa. In ba haka ba, ranar da ka gama fenti ranar wata gwaggo za ta tuna cewa tana da kaso a tayar gaba.

Duba lambar shasi: an buga ta a kan ƙarfen tsakiya, ƙarƙashin kujerar baya. Ta yi daidai da ta takarda. Duba kuma ɓangaren da sitiyari yake. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka motar da ta girmi wannan rana tana iya zuwa da sitiyari a dama, kuma jami'an kiyaye haɗurra ba za su bar ka ka wuce da ita ba sai an juya shi.

4. Ka sayi jiki, inji na samuwa

Sabon shiga kunnensa na kan ƙarar inji. Gwani kuwa kwanciya yake yi a ƙasa da tocila da sukundireba. Injin Bitil kusoshi huɗu ke riƙe da shi, bakanike da yaronsa za su sauke shi kafin la'asar. Abin da ke cinye dukiya shi ne tsatsa. Ɗaga tabarmar ƙasa. Ɗaga kujerar baya ka duba inda batir ke zama, domin ruwan batir kan ci wurin har ka hango ƙasa. Soka sukundireba a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi. In ya shige, to mai walda ya samu abokin zama na shekara. Allah Ya taimake mu, ƙasarmu busasshiya ce, motocinmu ba su ga gishirin da ake zubawa a titunan Turai ba. Amma wadda ta yi damina ashirin a waje da fasasshen gilashi ta sha ruwan da masu ƙera ta ba su tanadar mata ba.

Sai inji. Kama fulin da fanbel ke hawa a ƙasa, ka ja ka tura. In ka ji yana ƙwas-ƙwas da wasa mai yawa, cikin inji ya gaji, a rage kuɗi. Ɗigon baƙin mai kaɗan ba abin tsoro ba ne, da wuya ka ga tsohuwar Bitil da ba ta sa hannu a inda ta kwana. Amma tafki a ƙarƙashinta magana ce babba. Kuma ka tuna araha ba ta ado: wadda aka ce ka ɗauka "ko nawa ne" ita ce mai tsadar gaske.

5. Ka gane cewa iska ce ruwanta

Fanka ɗaya ce, fanbel ɗaya ke juya ta tare da janareta. Ranar da jar fitilar caji ta kama kana tafe, kada ka ce bari in ƙarasa Kwanar Babaldu. Tsaya nan take. In bel ne ya tsinke, fanka ta tsaya, kuma cikin 'yan mintoci inji zai ƙone. Bel na safaya ya zama ɗan gida a motarka, tare da sifana.

Akwai wasu faifan ƙarfe da suka lulluɓe injin, da robar da ta zagaye shi. Su ke tilasta wa iska bi ta kan silinda, su kuma hana zafin salansa komowa ciki. Bakaniken da ya ce "wannan tarkace ne, a cire inji ya sha iska," ya yanke wa motarka hukunci, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Sa a buɗe gidan fanka a share, domin ɓera na son yin sheƙa a ciki, kuma ƙurar hunturu in ta haɗu da maiƙo takan toshe na'urar sanyaya baƙin mai. Kada ka ja ta a giya ta huɗu tana nishi a kan tudu. Sauko zuwa ta uku, inji ya juya da sauri, fanka ma ta juya da sauri.

Sannan ka yi hattara da masu taimako. Duk inda ka tsaya ka buɗe baya, wani bawan Allah zai sheƙo da buta zai kwara wa inji. Tare shi da murmushi da kuma ƙirji. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi fasa shi yake yi.

6. Ka riƙe ta riƙon doki

Wanda ya taɓa kiwon dokin hawan Sallah ya san ba a jingine shi a manta. Haka Bitil take. Baƙin manta lita biyu da rabi ne kacal, kuma ba ta da filta irin ta motocin yanzu, 'yar rariya ce kawai. Saboda haka juye duk kilomita 5,000, a kan burjinmu ma gara ka riga lokaci. A saita bawul a lokacin, a duba kwantak da filogi, a wanke tukunyar tace iska a sake mata mai.

Abu biyu kuma ba na wasa ba ne. Na farko, a sauya duk robobin fetur ranar da ka saye ta, domin tsohuwar roba na tsagewa ta ɗiga a kan inji mai zafi, kuma haka Bitil da yawa suka ƙone. Na biyu, a rufe kan batir, saboda idan babban mutum ya zauna a baya, ƙarafan kujera kan taɓa shi su haifar da tartsatsi. Sayi tukunyar kashe gobara, ka ajiye inda hannunka zai kai.

Kayan gyara kuwa, Ƙofar Ruwa a Kano ita ce madakatarka ta farko, sai Panteka a Kaduna, sai Ladipo a Legas. Tafi da tsohon abin a hannunka, ka gwada da ido.

7. Ka shirya iyali da 'yan gari

Ƙofa biyu gare ta. Duk mai shiga baya sai ya sunkuya, saboda haka surukarka gaba za ta zauna, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Rufinta kuwa yana da tudu, hularka za ta zauna daram ba tare da ta karye ba. Na'urar sanyaya ɗaki ita ce ɗan gilashin nan mai kusurwa uku: murɗa shi, iskar Allah ta shigo. Tana da hita ta hunturu, amma kada ka kunna sai an tabbatar bututunta bai fashe ba, domin hayaƙin salansa na iya biyowa, kuma yana kisa.

Nauyinta a baya yake, shi ya sa take ratsa yashi da taɓo inda wasu manyan motoci ke neman a tura. Gabanta kuma ba nauyi, in tirela ta wuce ka a kan titin Kano za ka ji ta yi rawa, sai ka riƙe sitiyari da kyau. Birkinta na da ne, ba ta da jakar iska, tankin mai kuma yana gaban gwiwarka. Don haka sauka daga maganar tsere. Kilomita 80 a awa ya ishe ka, ka rage gudu kafin kwana, kuma da damina in ka ga ruwa ya hau kan kwalbati, juya ka kwana a inda kake. Fetur kuwa, yi lissafin kimanin kilomita 10 a lita, ka auna da albashinka, tunda tun Mayun 2023 lita ta daina wasa da kowa.

Ka kuma ƙara rabin awa a kan kowace tafiya. A gidan mai dattijo zai dafa ta ya ce irinta ya fara saya. A bakin asibitin tarayya na Birnin Kudu wani zai roƙi hoto. Yara za su raka ka da gudu har ƙarshen layi. Wanda ba ya son gaisuwa, ya nemi wata motar.

8. Ka yanke shawara da gaskiya

Idan wannan ce motar da za ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare daga ƙauye, ko ita ce za ta ciyar da gida, haƙura tukuna, ka fara da mai sauƙin kaya, Bitil ta biyo baya. Idan kuwa kana da babur na zirga-zirga, kana da ɗan rarar kuɗi bayan saye, kuma ba ka ƙin baƙin mai a farce, to bismilla. Babu motar da za ta koya maka yadda inji ke numfashi kamarta, domin komai nata a fili yake, ka gani da ido ka taɓa da hannu.

Kuma ka hanzarta. 'Yan gwangwan suna zagaye unguwanni suna sayen irin waɗannan motoci a kan kilo, su daddatsa su. Dattawan da suka san sirrinsu kuma suna ta raguwa. Duk ranar da Baba zai buɗe injinka, sa tsohuwar riga ka tsuguna kusa da shi, ka riƙe masa sifana, ka rubuta abin da ya faɗa. Tafi da ƙaninka ko ɗan maƙwabci shi ma ya gani. Ta haka za ka ceci mota ɗaya daga guduma, ka kuma ceci sana'ar da za ta gyara goma. Allah Ya sa a saya a sa'a, Ya tsare hanya, Ya kuma ba ka maƙwabta masu ƙarfin turi.