Bashin Biliyan Ɗaya a Wuyan Kawu

Ana gobe azumi ɗan yayata, ɗan aji biyar a sakandare, ya zo ya durƙusa ya ce zai riƙa sayo mini ƙanƙara kullum da yamma har Sallah. Na tambaye shi ladansa.

"Kawu, ba yawa. Ranar farko naira ɗaya, washegari biyu, sannan huɗu, kullum dai ninkin na jiya. Sai ranar Sallah ka biya gaba ɗaya."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Naira ɗaya, wadda ko alewa ba ta saye! Da bakina na kira uwarsa ta zama shaida.

Goma ta marmari ta wuce lafiya, bashi ya kai naira 1,023, ina ta yi wa yaro kallon wanda bai san kasuwa ba. Da goma ta wuya ta ƙare, sai ya miƙo mini 'yar takarda bayan shan ruwa: 1,048,575. Kunun tsamiya ya sarƙe ni. Goma ta ɗokin Sallah kuwa, kowa na ɗoki ban da ni.

Ranar 29 ga wata ni ne farkon hawa katanga neman jinjirin wata, domin in aka gan shi bashin zai tsaya a 536,870,911, na samu ragin rabi. Ba a gani ba. Aka sanar a cika talatin, lissafi ya tashi 1,073,741,823.

Yaron ya zauna yana yi mini bayani cikin ladabi. Wai in ka jera biyu sau talatin ka ninninka su, ka cire ɗaya, ita ce wannan lamba, kuma tana rabuwa gida 3, 7, 9, 11 ko 31 ba saura. Su bakwai ne a ɗakinsu, kowa zai tashi da 153,391,689 cif. Uwarsu har ta fara cigiyar kuɗin kujerar Makka.

Na garzaya wurin maƙwabcina, malamin lissafi. Sai da ya gama dariyarsa ya ce tsohon tarko ne. Tun 1256 Ibn Khallikan ya rubuta labarin wanda ya nemi sarki ya ninninka masa ƙwayar alkama a gidaje 64 na allon shaɗaranji, abin ya kai 18,446,744,073,709,551,615.

"Alhaji, ka gode wa Allah azumi bai kai kwana 64 ba." Sannan ya raɗa mini dabara.

Muna saukowa daga Idi na tura wa yaron data gig ɗaya. Na ce masa a ƙidayar kwamfuta gig ɗaya bayit 1,073,741,824 ne, wato lambarsa har da ƙarin ɗaya.

"Kawu, ai naira muka yi da kai!"

"Ka kai ƙara wurin uwarka. Amma kafin nan, miƙo canjina."