Shekara Biyar Don Danna Maɓalli?

To, 'yan majalisar mai shayi, na ji ku. Wai yaro zai kwashe shekara biyar a jami'a, ya ƙara ɗaya ta sanin makamar aiki, don kawai ya koyi danna maɓalli. Har wani ya ce ko shi aka ba injin gashin ciwon daji, kafin la'asar ya ƙware. Malam, kai da ko lambar da ka ajiye a waya sai jikanka ya nemo maka?

Bismilla, ga aikin. Mara lafiya ne da ƙari a maƙogwaro, dab da laka. Likita ya yanke yawan hasken da za a ba shi, masanin fiziks ya yi lissafi, saura kai. Ba a rana ɗaya ake juye masa ba. Kaɗan-kaɗan ne, Litinin zuwa Juma'a, har mako shida ko bakwai, don lafiyayyen nama ya riƙa farfaɗowa. Kullum sai ka kwantar da shi yadda ya kwanta ranar farko, ka kifa masa marfin robar da aka ƙera daidai fuskarsa, ka saita layin leza a kan alamun da aka zana. Ka kauce da 'yan milimita, haske ya wuce ƙari ya taɓa laka. Idan ya rame marfin ya yi masa yawa, kai za ka fara lura ka sanar.

Wata Hajiya kuma ta ce ƙona mutum ake yi, shi ya sa ma'aikatan ke ficewa su ja ƙofa. Ranki ya daɗe, mara lafiya sau ɗaya yake shiga a rana, su kuwa wuni suke a wurin, shekara da shekaru. Suna kallonsa ta kyamara, suna yi masa magana. Ba ya jin zafi lokacin gashin. Fata takan yi duhu ko ta saɓule daga baya, wannan kam ban musa miki ba. Amma wanda aka haska daga waje ba ya komawa gida da hasken, sai ya ɗauki jikansa ya goya.

In surutun kuke so, ku yi shi kan ƙarancin injin. Kusan rabin masu ciwon daji na buƙatar gashi, amma a Arewa sai an nufi irin su Shika, Sakkwato ko Abuja. Nijar sai 2021 ta fara nata a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram.