Masu Gardamar Takobi a Fadojin Tawa

Da an gama girbi, hunturu ya sauka a Adar, hirar fadojin Tawa takan koma kan kokowar Takobi. Tsarin gasar kowa ya san shi. Jihohin Nijar 8 ne, kowace ta kawo 'yan kokowa 10, su 80 su yi kwanaki suna karawa, wanda ya rage bai sha ƙasa ba ya ɗauki takobi. A Tawa aka buɗe ta a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma Kantu na Maradi ne ya tafi da takobin farko, abin da wasu dattawan garin ba su gama yafewa ba har yau. Amma kafin a buga ganga a fage sai an sha gardama a kan tabarma: wa ya cancanci shiga, kuma da sunan wace jiha?

Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, ya ƙara hura wutar. Takobi 6 ya ɗauka, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Shin mai irin wannan tarihi ya sake ɗaura walki, ko ya bar wa yara fage? Kan wannan ake gane halin kowa.

Mafi ƙarfin murya shi ne lauyan fada. Bai taɓa ganin takardar dokokin hukumar kokowa ba, amma ba ya buɗe baki sai da "doka ta ce". A bakinsa doka ta hana mai takobi da yawa dawowa, ta kuma hana wanda ya tsallake shekara guda shiga sai ya faro daga zaɓen ƙaramar hukuma. In an tambaye shi inda aka rubuta haka, sai ya ce a je Yamai a duba. Abin burgewa a dokar tasa shi ne biyayyarta: tana da tsauri a kan ɗan Doso da ɗan Damagaram, amma da an ambaci wani tsohon gwanin Tawa da ke sha'awar dawowa sai ta yi laushi, har ta tuna cewa gwani ba ya tsufa. Ranar da alƙalin wasa ya ba ɗan Tawa gargaɗi don ya ƙi kai hari, lauyan yakan ce a soke dokar gargaɗi. Kashegari, in ɗan Tawa ya tsallake saboda gargaɗin da aka ba abokin karawarsa, sai ya yaba wa hikimar waɗanda suka kafa ta.

A gefensa akwai dattijon zamanin Kadade. A wurinsa kokowa ta ƙare ranar da Kadade da Kantu da Salma Ɗan Rani suka bar fage. Ko Kwamando da Haruna Abdu, da suka kawo wa Tawa takobi daga baya, yara ne masu ƙoƙari. Ba ya son agogo a kokowa. "Yaro," yakan ce wa mutum mai 'ya'ya bakwai, "a da sai ƙasa ta raba." Ra'ayinsa kan dawowar zakara kuwa ba ya kayuwa. In zakaran ya huta, ya ji tsoro. In ya dawo ya yi kaye, 'yan zamani ragwaye ne. In an kada shi, dama Baba ya faɗa.

Sai masanin asali, wanda shi ne ya fi wahalar da mutane. Ya san ƙauyen kowane ɗan kokowa, da na uwarsa, da rijiyar da kakansa ya sha. Gaskiya ne ba kowane ɗan kokowa ke wakiltar jihar da aka yanke masa cibiya ba. Gurbi 10 kawai kowace jiha ke da shi, kuma inda gwanaye suka yi yawa, wanda bai samu shiga ba yakan nemi inda za a karɓe shi, ko inda aka fi kula da ɗan wasa. Masanin asali yana da hukunci biyu a aljihu. Ɗan Adar da ya sa rigar wata jiha ya kada ɗan Tawa, maci amana ne. In kuma ya kai ga takobi, to ai namu ne, aro aka yi. Babu zakaran da ya gagare shi: in an ba shi lokaci zai samo masa kaka a Keita, ko goggo a Buza, ko aƙalla wani malami a Illela da ya taɓa yi masa rubutun sha. Shi kansa ya yi rabin rayuwarsa yana ci-rani a Abijan, kamar dubban Adarawa, kuma da kuɗin can ya gina gidansa. Amma ɗan kokowa ya je ci-rani Agadas ko Difa? Wannan kam rashin kishi ne.

Abokinsa na ci-rani, wanda ya taɓa leƙa Dakar, ba ya barin zance ya wuce bai kawo Sanigal ba. Can, in ji shi, Modou Lô da Balla Gaye suna sa hannu a takarda, a biya su miliyoyi, har da naushi a wasan, kuma ba mai tambayar garin kowa. Ana barinsa ya gama saboda shi ke sayen sukari.

Ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani yakan zo da wayarsa da labarin Amurka. A ƙwallon jami'o'insu, wanda ake rungumar ƙwallo a gudu, a 2024 ana ba ɗan wasa kaka 4 cikin shekara 5. Wani mai jagorantar hari a Jami'ar Vanderbilt, Diego Pavia, ya kai ƙara cewa kada a lissafa masa shekarun da ya yi a ƙaramar kwaleji, kuma a Disamban 2024 wani alƙali a jihar Tennessee ya ba shi damar ƙarin kaka. Ɗalibin na ganin ya kawo hujjar da za ta rufe baki. Dattijon zamanin Kadade sai ya tambaye shi: "To ɗana, shi wannan Fabiya, wa ya taɓa kayarwa?"

Akwai wanda bai yarda da ƙarfi ba sam. Komai laya ne da guru da kambu, kuma dawowar zakara ba a hannun hukuma take ba, sai abin da malaminsa ya gani. Ƙaninsa a tunani shi ne mai "an sayar". Bai taɓa ganin faɗuwar gaskiya ba. Ko an ɗaga mutum sama an maka shi da ƙasa a gaban kyamarar Télé Sahel, shi ya san nawa aka biya, da wanda ya kai kuɗin da dare.

Mai kabu-kabu ne kaɗai ke yarda da kowa. In ya ɗauko mai son zakara ya dawo, sai ya ce wallahi Alhaji ka yi gaskiya, fage ba armashi in babu shi. In ya ɗauko mai son a hana shi, sai ya ce haka ne Malam, yara ma su samu. Lissafinsa daban ne. Shekarar da gasar ta zagayo Tawa, baƙi sukan cika gari, hanyar filin Hamidine Maïdaré ta cushe tun hantsi, 'yan cali-cali su yi ta ba mutane dariya har magariba, kuma da mai murna da mai fushi duk sai sun hau babur sun koma gida. Mai fushin ma ya fi saurin biya, don ba ya tsayawa ciniki.