Taron 'Yan 1 ga Janairu

Masana lissafi suna da wata magana da ba a faɗinta a majalisa a tashi lafiya. Wai ka tara mutum 23 a ɗaki ɗaya, ba tare da ka zaɓa ba, to samun biyu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya ya fi rashinsa kusa: kashi 50.7 cikin ɗari. In sun kai 30, abin ya haura kashi 70. In sun kai 57, ya kai kashi 99. Wani masani mai suna Richard von Mises ya yi rubutu a kan haka tun 1939, har yau kuma Turawa ba su gama mamaki ba. Bawan Allah bai taɓa tsayawa a layin yin katin ɗan ƙasa a Kankia ba. Da ya tsaya, da mutum biyar sun ishe shi.

Amma a fara ba shi haƙƙinsa, don lissafin nasa ba ƙarya. Abin da ke ruɗa mu shi ne kowa kansa yake ji. Da an ce "rana ɗaya", sai Malam ya dubi sauran mutum 22 ya ce, "Cikin waɗannan wa zai dace da tawa, alhali shekara kwana 365 ce?" Gaskiyarsa, wannan damar ba ta cika kashi 6 ba. Sai dai ba shi kaɗai ake tambaya ba. Ana gwada kowa da kowa ne: na farko da mutum 22, na biyu da 21 da suka rage, na uku da 20, har a sauka kan ɗaya. In ka tara, gwaji 253 ke nan. Mai jifa 253 ko makaho ne, wata rana zai sami tsuntsu. Ko da shekarar Hijira aka yi, mai kwana 354, mutum 23 ɗin dai ake buƙata.

Kakanninmu ma sun san irin wannan, sun kuma sauƙaƙa wa kansu. Su da ranakun mako suke aiki, shi ya sa gari ya cika da Ɗanladi da Ɗanjuma da Talatu da Asabe. Da kwana bakwai kacal, mutum huɗu in suka zauna, akwai kashi 65 cikin ɗari biyu sun haɗa rana, in kuwa sun kai takwas babu makawa. Ba a taɓa jin Lami biyu sun haɗu a gidan biki sun rungume juna suna kuka don an haife su ranar Alhamis ba.

Lissafin von Mises yana da sharaɗi guda: a ce haihuwa ta bazu cikin shekara, damina da rani, kaka da bazara. A wurin ungozoma haka abin yake. A shagon mai kwamfuta ne ake samun sauyi.

Dattijo ya hawo babur daga Rimaye ko Kafin Soli, banki ya ce sai da BVN, abin da aka shigo da shi a 2014. Yaron shagon ya ɗago kai ya ce, "Baba, yaushe aka haife ka?" Baba ya gyara zama. Ya ce tsohuwarsa ta gaya masa ana cikin yankan gero ne, shekarar da aka canza hannun tuƙi. Wannan tarihi ne ingantacce, 1972 ke nan, kuma kowa ya san gero ba a watan Janairu ake yankansa ba. Amma yaron yana da mutum arba'in a bayan Baba, ga man janareta na ƙonewa. Sai ya danna 01, ya sake danna 01. An gama. Na bayansa, wanda aka haifa ana tsakiyar marka, shi ma 01/01. Ko da mutum ɗaya cikin goma ne kawai aka yi wa wannan hidima, a taron mutum 23 damar samun 'yan 1 ga Janairu biyu ta kusa kashi 70, tun ba a duba sauran ranaku ba.

Kada mu ji kunya da yawa, muna da abokan tafiya. A Afghanistan ma haka mutane da yawa suka tsinci kansu. Kuma a Ingila da Amurka, dawakin sukuwa duk ranar 1 ga Janairu ake ƙara musu shekara, ko yaushe goɗiya ta haife su. Mu Katsinawa da son doki, wa ya sani ko ta nan muka ɗauko.

Wannan 01/01 ɗin na marasa sani ne. Akwai na masu sani, kuma ya fi armashi. Ma'aikaci ya hango shekara 60 ta ritaya ta doso, sai ya tuna ashe an yi kuskure tun a firamare. Ɗalibi ya ga zai haura 30 kafin bautar ƙasa, sai ya nufi kotu ya yo takardar rantsuwa. Da haka za ka ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ƙanen ya girmi wan da shekara biyu a takarda, kuma dukansu ranar 1 ga Janairu. Uwar tana nan da ranta a Kusada, ba wanda ya nemi jin ta bakinta.

Yanzu kuma ga sabon yayi, bikin zagayowar ranar haihuwa. Yarinyar da kakarta ba ta san shekarar da aka haife ta ba, ita tana ƙirga saura kwana tara, saura kwana takwas, a WhatsApp. Sai kek, sai hoto da sabon leshi, sai lambar asusu a ƙasa "don masu niyya". In aka yi dace wani saurayi a zauren tsofaffin ɗalibai ya zo rana ɗaya da ita, shi ke nan, an ga ishara. "Ke dai duba, cikin kwana 365! Wannan haɗin daga sama yake." Zauren nan mutum ɗari biyu ne, Malam. A irin wannan taro, in ba a sami masu rana ɗaya ba, shi ne abin da za a kira malamai a kai.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne ma'ajin zauren. An yi doka a farkon kafawa cewa duk mai bikin ranar haihuwa za a tara masa ɗari biyar-biyar. Daga Fabrairu zuwa Disamba abin yana tafiya jefi-jefi. Ranar 1 ga Janairu da asuba Facebook ya fara aiko da sanarwa: shugaba, mataimakinsa, sakatare, mai tsawatarwa, da wasu tagwaye da ba su taɓa ganin juna ba. Kowa na jiran alat, babu mai turawa, don duk masu turawar yau ranarsu ce. Ma'ajin ya rubuta cewa a ɗage sai bayan albashi, ya kashe waya. Shi ma a katinsa 01/01 ne, ba wanda ya taya shi murna.