Katin Hoto da Buhunan Riɗi

Samarin Malam Madori masu wasan kwamfuta sun shiga sabon lissafi: wane katin hoton kwamfuta za a saya kafin sababbin wasanni su fito? Babban yaya a gidan Nvidia shi ne RTX 5090, wanda ya fito a Janairun 2025 a kan dala 1,999. Ka mayar da kuɗin naira, ka mayar da nairar buhunan riɗi, sai ka ga kakar bana da ta baɗi sun shige kwali ɗaya.

Kuɗin ma da sauƙi. Katin shi kaɗai yana shan wat 575. Ƙaramin janareton shago zai ɗauke shi ne yana tari, fankar ɗaki kuwa sai dai ta yi haƙuri. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu mai toshe wa katin hanci.

Mai wayo kasuwar Farm Centre yake nufa a Kano, ya nemi RTX 4060 mai shan wat 115, ko da na hannu ne, a gwada masa a gabansa kafin ya zaro kuɗi. Wanda kuma ya rantse sai 5090, to ya fara da sayen sola. In canji ya rage, ya sayi ludo.