Dokar Sigari Tana Nan, Naci Ne Ya Yi Ƙaranci

Na san ku, 'yan majalisar bakin titi. Da zarar an ce talaka zai iya matsa wa hukuma lamba a kan taba sigari, sai ku tuntsire da dariya, wani ya ce, "Mu gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu." To gyara zama, Malam.

Dokar da kuke rantsuwa ba za a taɓa yi ba, an yi ta tun 2015, Goodluck Jonathan ya sa mata hannu dab da saukarsa daga mulki, ƙa'idojin aiki da ita suka biyo baya a 2019. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayarwa kara-kara sai dai kwali sukutum, ta hana talla, ta hana busa hayaƙi a makaranta da asibiti da motar haya. Yanzu waiwaya ka dubi teburin da ke bayanka. Kwali a farke, ga leta ɗaure da zare don kada a yi gaba da ita, ga yaro mai gajeren wando yana cewa an aiko shi kara biyu. Wa ya aike shi? Daina sunkuyar da kai, Alhaji, ba a kira suna ba.

Na ji mai cewa kakansa ya sha taba har ya haura shekara 90 yana noma. Kowace unguwa tana da wannan kakan, kuma shi kaɗai ake ba da labarinsa, don sa'o'insa da tari ya kwashe tun da sauran ƙarfinsu ba su samu zuwa hira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, fiye da miliyan 1 a cikinsu ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin maigida ko na direba suka shaƙa.

Sai kuma gwanin siyasar majalisa, mai cewa kamfanonin sun fi ƙarfin kowa. Ranka ya daɗe, a ƙarshen 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin British American Tobacco a Najeriya. Hotunan cuta masu tayar da tsikar jiki da ke jikin kwali tun 2021 ma ba don Allah kamfani ya buga su ba. Ƙungiyoyi da likitoci ne suka yi shekaru suna sintiri a Majalisar Tarayya har aka gaji da ganin fuskokinsu.

Kai ba a ce ka je Abuja ba, kuɗin motar ma ba mu ga alamarsa ba. In akwai teburin sigari a ƙofar makarantar 'ya'yanku, ku kai maganar taron iyaye da malamai, a je wa mai unguwa tare, a dawo mako mai zuwa a sake tuna masa. In kana bin tasha, shugaban ƙungiyar direbobi zai iya hana zuƙa a cikin mota da kalma ɗaya, matuƙar fasinjoji sun dame shi. A roƙi liman ya taɓa batun a huɗuba, har da shisha da samari ke ɗauka ƙamshin tuffa ne kawai. Ɗan majalisarku kuwa, ran da ya zo ta'aziyya da tawaga, bayan an shafa fatiha a tambaye shi nawa aka sa a asusun yaƙi da taba da dokar ta kafa, da kuma batun haraji, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya na so ya kai kashi 75 cikin 100 na kuɗin kwali. In sigari ya yi tsada, yaro ne farkon wanda zai haƙura.

Kuma don Allah kada wanda ya ce ba shi da baki. Kai ne fa ka kira gidan rediyo jiya da dare kana gaida surukanka ɗaya bayan ɗaya har katin ya ƙare. Ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya, ka sake kira, ka tambayi wa ke kula da wannan doka a jiharku. Surukan za su jira.